Ɗalibaina sun harbo jemage da ɗa a ƙirji, me zan ce masu ranar Litinin?

Malama_Rafindadi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a cikin garin Katsina. Jiya da aka dawo daga tara sai ga yara maza biyar sun shigo da sowa, ɗaya ya riƙo jemage ta fiffike yana lilo da shi. Da danƙo suka harbo shi daga durumin bayan makaranta. Da na matsa sai na ga ashe mace ce, ta riga ta mutu, ga ɗan mitsitsin ɗanta maƙale a ƙirjinta yana motsi. Na ce me ta yi maku? Ɗaya ya ce tsuntsun mayu ne. Ɗaya ya ce ta baki yake kashi. Na ukun ya ce jinin mutane yake sha da dare. Na yi masu faɗa, na sa sun wanke hannu, amma da na koma gida na ga faɗan banza na yi, don ni ma da wannan tsoron na tashi, kuma ban san komai a kan jemage ba. Ina so in ware darasi guda ranar Litinin. Don Allah me zan faɗa wa yaro ɗan shekara 9 da zai sa ya sauke danƙo?

Sani_Marusa:
Wa alaikumus salam Malama. Amma fa yaron nan na biyu bai yi ƙarya ba, mu ma haka muka ji tun muna yara, ta baki yake yi.

Ɗalibar_UMYU:
Yaya Sani ba haka ba ne, amma akwai dalilin da ya sa aka ce haka. Jemage mai cin 'ya'yan itace tauna su yake yi ya matse ruwan ya haɗiye, sai ya furzar da tuƙar. Mutum ya zo ƙarƙashin itace da safe ya ga tuƙa birjik, ya ɗaga kai ya ga halitta a rataye kai ƙasa tana zubo abu ta baki, shi ke nan labari ya samu. Yana da mafita kamar kowace dabba. Idan zai yi ma sau da yawa juyowa yake ya rataye da 'yan faratan fiffikensa don kada ya ɓata jikinsa.

Malama, ni da nan zan fara da su, daga abin da suka gani da idonsu. Sun ga ɗa a ƙirjin uwa. Tambaye su: kun taɓa ganin tsuntsu yana ba ɗansa nono? Jemage ba ya ƙwai, haihuwa yake, yana shayarwa, gashi ne a jikinsa irin na dabba, yana da haƙora da kunnuwa. Cikin duk dabbobi masu shayarwa shi kaɗai ne ke tashi sama ta hanyar kaɗa fiffikensa. Kuma fiffiken nan hannu ne, yatsu ne suka yi tsawo fata ta haɗe su. Ki sa kowane yaro ya ware yatsunsa a kan takarda ya zana, sannan ya ja yatsu huɗu su yi tsawo ya haɗe tsakaninsu, babban yatsa ya bar shi gajere. Ya zana fiffiken jemage ke nan.

Alhaji_MaiLambu:
Hmm. Ku da ba ku da lambu kuna da bakin magana. Ina da mangwaro da gwaiba a wajen Ajiwa. Yanzu haka da nake rubutun nan, kullum da asuba sai na tsinci mangwaro a ƙasa, an gatsi gefe guda an yar. Ba ya cinye ɗaya ya ƙoshi, a'a, sai ya ɗanɗana wannan ya koma wancan kamar mai taya kaya a kasuwa. Malama, ki koya masu abin da za ki koya, amma kada ki ce masu jemage waliyyi ne. Ɓarawo ne, ni shaida ne.

Ummu_Khalil:
Ni abin da ya tsaya mani ɗan jemagen nan. Ya aka yi da shi?

Malama_Rafindadi:
Maman Khalil, na sa shi a kwali da tsumma, maigadi ya ɗora a reshe wai ko 'yan'uwansa za su ɗauka. Yau da safe ya ce mani ya tarar ya mutu.

Nas_Bilki:
Malama kafin a yi nisa, da hannu kika ɗauka? Kuma yaron da ya riƙo, kin duba hannunsa? Ina aikin jinya, kuma wannan ne ya fi damuna a duk labarin. Jemage na iya ɗauke da ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare. Akwai wadda ma a nan Najeriya aka fara gano ta, a Legas a 1956, a jikin jemagu masu cin 'ya'yan itace, har sunan Legas ɗin take ɗauke da shi. Haƙoran ƙananan jemagu siriri ne, yana iya cizon yaro bai ma lura ba. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, ba sai gobe ba. Haukan kare in alamunsa suka bayyana an makara.

Kada kuma ku ce na zo in ƙara tsoro. Kusan duk mutanen da ke kamuwa da haukan kare daga kare suke samu. Jemagen da ke rataye a saman itace bai dame ka ba. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka harbo shi ya faɗo, yaro ya kai hannu, shi kuma yana neman ceton ransa ya kai cizo. Don haka ni in za a koya masu abu ɗaya: kada ka harba, kada ka taɓa. Wanda ka gani a ƙasa, ka kira babba.

Malama_Rafindadi:
Da leda na ɗauka Anti Bilki. Yaron na duba shi babu ƙwarzane, amma zan kira mahaifiyarsa yanzu ta sake dubawa, na gode ƙwarai.

Kaka_ta_Daura:
'Yata Malama, ki fara masu da tatsuniya, yaro ba ya ƙin tatsuniya. Mu a Daura kakarmu tana yi mana ta jemage. Wai sarkin tsuntsaye ya aiko a karɓi haraji, jemage ya washe baki ya ce ku dubi haƙorana, ina kuka ga tsuntsu da haƙori? Ni dabba ne. Da sarkin dawa ya aiko nasa 'yan karɓar, sai ya buɗe fiffike ya ce ni tsuntsu ne, ku tafi. Da ɓangarorin biyu suka haɗu suka gane wayonsa, kunya ta hana shi fita da rana, ya koma yawon dare, in ya kwanta kuma ya sunkuyar da kai ƙasa. Ƙurunƙus.

Sani_Marusa:
Hajiya Kaka ai wannan tatsuniyar ƙara mashi baƙin jini za ta yi, kin mai da shi mai gudun haraji. Ko da yake a zamanin nan wasu za su ce gwarzo ne.

Kaka_ta_Daura:
Kai Sani ba ka da dama. Ai bayan ta gama sai ta tambaye su, to a gaskiya wane sarki ya kamata ya biya? Su yi gardama, sannan ta kawo maganar nonon nan da 'yar jami'a ta faɗa. Mu da aka yi mana ba mu tsani jemage ba, dariya muke yi mashi.

Abu_Hanifa_KT:
Bismillah. Malama, tunda yaran Musulmi ne ki haɗa masu da abin da suke ji a Islamiyya. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana cewa duk dabbar da ke tafiya a ƙasa da duk mai tashi da fikafikansa biyu al'ummomi ne kamarmu. A Sahihu Muslim an hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti, wanda shi ne ainihin abin da yara ke yi da danƙo: ba yunwa ba, ba kare kai ba, gwada hannu kawai. Nasa'i kuma ya kawo cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba za a tambaye shi. A kan jemage kansa, Baihaƙi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr, Allah ya yarda da su, hani ga kashe kwaɗi da jemagu. Maganar sahabi ce, kada a jingina ta ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sannan wasu malaman tafsiri sun ambata cewa abin da Annabi Isa ya siffanta da laka ya hura ya tashi da izinin Allah, jemage ne. To ina zancen la'ana ko maita ya fito?

Alhaji_MaiLambu:
Allah ya gafarta Malam, to mai ɓarna fa? Ba a halatta a kawar da abin da ke cutar da dukiya ba?

Abu_Hanifa_KT:
Alhaji, tunkuɗe cuta daban, kisan wasa daban. Kai kana da hujjar kare lambunka, a fara da mafi sauƙi, kora kafin kisa. Yaran Malama kuwa durumin makaranta suka je, babu mangwaron kowa a kai.

Injiniya_Kabir:
Ni ku gafarce ni, amma ina ganin mun rasa abin yi. Mutane na gudun hijira daga ƙauyuka, buhun masara ya gagari talaka, yara na zaune a ƙasa a aji ɗaya su ɗari, mu kuma muna nan muna shari'ar jemage. Wannan irin damuwar ta Turawa ce da suka ƙoshi.

Forester_Mashi:
Injiniya, zauna in ba ka labarin tukunyarka, ka ga ko ta Turawa ce. Na yi shekaru ina aikin gandun daji. Ka taɓa tsayawa gindin kuka da magariba lokacin da take fure, farkon damina? Furen fari ne babba, a rataye yake da dogon igiya yana kallon ƙasa, ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, yana da wani wari mai tsami da mu ba ma so, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Wa aka yi wa wannan shirin? Jemage. Yana zuwa ya kama furen ya lashi zumar ciki, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai wa kuka ta gaba. Da haka take ɗaukar 'ya'ya.

Ɗorawa ma haka. Jajayen tutun nan da ke reto da rani, da dare suke zubo ruwan zaƙi, jemagu su yi ta kai-komo a kai. Tun 1957 masu bincike suka rubuta wannan a Ghana. Ƙudan zuma na taimakawa da sassafe, ban ce jemage kaɗai ba. Daga tutu sai ɗorawa, daga ɗorawa sai kalwa, daga kalwa sai daddawar da ke cikin miyarka. Rimi ma da dare yake fure kuma jemage na cikin masu yi mashi wannan aikin. Ɓaure kuwa shi ke cin 'ya'yan ya je ya zubar da irin a wani wuri. Ka duba jiharmu kawai: muna da ƙaramar hukumar Rimi, muna da Ɓaure, a cikin birni muna da Sararin Kuka. Itatuwan da muka sa wa garuruwa sunansu, ma'aikacinsu na dare muke harbewa.

Malama, ki shiga aji da ƙullin daddawa da ɗan kuka guda. Ki ajiye a tebur ki ce wa ya san wanda ya yi aikin wannan?

Zee_Kofar_Kaura:
Wayyo, ashe babu jemage babu miyar kuka! Yau zan faɗa wa yarana.

Malam_Gyara:
Dakata Hajiya Zee. Miyar kuka da ganye ake yi, ganye kuwa ba ruwansa da fure. Ko an kashe jemagun duniya kukar da ke tsaye za ta ci gaba da fitar da ganye. Kada a faɗa wa yara abin da wani mai wayo a cikinsu zai ƙaryata, daga nan sun daina yarda da sauran.

Forester_Mashi:
Gaskiyarka Malam, na karɓi gyara, ko da yake ni ban ce ganye ba. Garin kukar da ake damawa a nono, shi ne daga 'ya'ya. Amma ka ƙara tunani kaɗan: kukar da ke tsaye wa ya shuka ta? Daga ƙwallo ta fito. Ka zaga gonakin Mashi zuwa Mani ka ƙirga tsofaffin kukoki, sannan ka nemi ƙanana masu tasowa. Awaki sun cinye, garma ta tumɓuke, mu kuma muna aske ganyen tun kafin ta yi fure. Miyar yau tana nan. Ta jikokin Zee ce nake ji.

Injiniya_Kabir:
To na ji ta daddawa. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, masu gawayi da masu sare itace sun fi yara masu danƙo ɓarna sau dubu. Ɗorawa nawa ta rage tsakanin Katsina da Jibiya? A je a yi wa manya darasi tukuna.

Ummu_Khalil:
Wannan kam gaskiya ne. Unguwarmu da akwai wata ƙatuwar ceɗiya, magariba ta yi sai ka ga sama ta yi baƙi. An sare ta an yi shaguna. Yanzu ko inuwar da za a ɗaure akuya babu.

Nura_Layout:
Ai ni can suka dawo, cikin silin ɗina. Ba manyan ba, ƙananan nan baƙaƙe. Wari ya hana mu sakat, kashinsu na zubowa ta kusurwa, da dare ka ji tsiyu-tsiyu kamar ɓeraye. Na sa an yi feshi sau biyu, suka mutu a ciki, warin ya ninka, bayan wata biyu wasu suka tare. Duk mai son jemage ya zo ya kwashe nawa kyauta, har kuɗin mota zan ba shi.

Ɗalibar_UMYU:
Yaya Nura feshi ba ya magani, ka gani da kanka, tunda ƙofar na nan a buɗe. Ka tsaya a waje da magariba kai da yara ku ga ta inda suke fita, galibi wata 'yar kafa ce tsakanin kwano da bango, wadda yatsa zai shiga ta ishe su. A toshe sauran kafofin a bar babbar, a rataya mata leda ko raga ta sama a bar ƙasan a sake, su iya fita su kasa komawa. Bayan 'yan kwanaki a toshe da siminti. Sai dai in kana jin kukan 'ya'ya a ciki ka ɗan jinkirta har su iya tashi, in ba haka ba su mutu a ciki warin ya dawo. Wajen kwashe kashin a yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci da baki, don ƙurarsa na iya kawo ciwon huhu. Kada a sa yara wannan aikin. In an kwashe kuma kai wa Alhaji Mai Lambu, taki ne mai ƙarfi.

Kuma naka ba irin na Alhaji ba ne. Jemagu a duniya sun haura iri 1,400, a Najeriya kaɗai akwai wajen 100. Na silin ɗinka ƙwari suke ci, ba ruwansu da mangwaro. Su ne masu fitar da wata ƙara siririya da kunnenmu ba ya ji, ta bugi abu ta dawo masu kamar amsa-kuwwa, da ita suke gane inda ƙwaro yake a cikin duhu. Na Alhaji masu fuska kamar ta ɗan kare da manyan idanu, su da ido da hanci suke aiki. Babu makaho a cikinsu duka.

Malama, wannan ma wasa ne mai daɗi: a ɗaure wa yaro ɗaya ido a tsakiyar da'ira, in ya tafa sai wanda aka sa ya zama ƙwaro ya tafa, shi kuma ya bi sautin ya kamo shi.

Sani_Marusa:
Na karanta wani wuri wai jemage ɗaya na cin sauro dubu a awa guda. In haka ne Nura ka bar su, ka huta da sayen maganin sauro.

Nas_Bilki:
Sani kada ka sa mutane su yar da gidan sauro. Suna cin sauro, amma sun fi samun ƙoshi a manyan ƙwari irin su fara da buzuzu da malam-buɗe-littafin dare, waɗanda tsutsarsu ke cin amfanin gona. Amfaninsu ga manomi ya fi bayyana. Maleriya kuwa gidan sauro dai, gidan sauro.

Baban_Ilham:
Ni tambayata ɗaya. Ba daga jemage Ebola ta fito ba? Na tuna 2014 har ruwan gishiri aka sa mu wanka da shi cikin dare. Yanzu kuma a ce a koya wa yara son shi?

Dr_Vet_Dutsinma:
Baban Ilham tambayarka a kan hanya take, bari in rarrabe. Ebolar 2014 ba jemagen Najeriya ya ba mu ba, wani matafiyi ne ya shigo da ita Legas daga Laberiya a watan Yuli, kuma zuwa 20 ga Oktoba na shekarar aka bayyana ƙasar ta rabu da ita. Masana na zargin jemagu ne ma'ajiyar ƙwayar a daji. 'Yar'uwarta Marburg kuwa an tabbatar tana zaune a jikin wani jemage mai kwana a kogo. Lassa da ke damunmu duk rani ta ɓera ce, kada a ɗora wa jemage.

Amma ga abin da ya kamata a sani. A Yuganda, bayan Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a wani rami a 2007, sai aka bi jemagun ramin aka hallaka. Bayan 'yan shekaru wasu suka sake cika ramin, da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da ƙwayar sun fi na farko yawa, kuma cutar ta sake ɓulla a yankin a 2012. Kisa bai kawar da ita ba. Hanyar da cuta ke bi ta iso mutum ita ce kamawa, yankawa, fiɗa, shiga kogonsu, da cin abin da suka gatsa. Wannan na ƙarshen Malama ki jaddada shi, don na san yaranmu, mangwaron da jemage ya gatsa ya yar shi suke rububi wai ya fi zaƙi.

Zancen shan jini kuma: iri uku ne kacal ke shan jini, dukansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa kudu. Babu ko ɗaya a Afirka. Fina-finai ne suka kawo mana su.

Alhaji_MaiLambu:
Ai kuwa ya fi zaƙi, ɓarawon ya san nunanne. Likita ka taɓo inda ke mani ciwo, almajirai da yaran maƙwabta kullum suna bakin lambu da safe suna tsinta, ni kuma ina ganin sadaka nake. Daga gobe zan sa a tattara a binne.

Forester_Mashi:
Alhaji ka faɗi maganin da bakinka, nunanne yake bi. Mangwaron da ya ƙosa ka riga shi, ka tsinke ka nuka a gida, dama wanda za a kai kasuwa ba a bari ya yi laushi a sama. Gwaiba masu kyau a sa masu 'yar jaka tun suna ɗanye. Ka bar mashi na can ƙololuwa da ko gora ba ta kaiwa. Abin da ban so shi ne ragar kamun kifi da wasu ke yafa wa itace, tana kama jemage da tsuntsu su mutu a rataye, kuma wanda zai cire su shi ne zai sha cizo.

Alhaji_MaiLambu:
Itace 60 zan bi da jaka ɗaya-ɗaya? Ka zo ka taya ni. Tsinka da wuri dai na yarda, ina yi ma, amma duk wayonka sai ya riga ka wasu.

Ɗalibar_UMYU:
Injiniya da ya ce damuwar Turawa ce, akwai 'yar Najeriya, Dakta Iroro Tanshi, aikinta ke nan. A 2016 ta gano wani ƙaramin jemage a dajin tsaunin Afi a jihar Kuros Riba wanda aka yi shekaru da dama ba a gan shi ba, a 2021 aka ba ta kyautar Whitley, wadda ake ba masu aikin kare halittun daji, a kan aikin. Malama ki faɗa wa 'yan matan ajinki wannan. Sannan ki nemi bidiyon dajin Kasanka na Zambiya a waya, inda miliyoyin manyan jemagu masu ruwan ƙasa-ƙasa ke taruwa daga Oktoba zuwa Disamba. Irinsu ne ke cika itatuwa a tsakiyar birnin Akara. A Ghana an maƙala masu na'ura an ga suna iya kai ƙwayar iri har kilomita 75 daga inda suka ci. Kusan tafiyar Katsina zuwa Daura ke nan, a dare ɗaya, kuma babu wanda ya biya su kuɗin dashen.

Kaka_ta_Daura:
To shi ne ya ƙi biyan haraji, ashe aikin gayya yake yi wa sarakunan biyu.

Injiniya_Kabir:
Hajiya kin kashe ni da dariya. Shi ke nan, a koya masu. Amma Malama ki ƙara da cewa wanda ya sare ɗorawa ya fi wanda ya harbi jemage laifi, su je su faɗa wa iyayensu.

Malam_Gyara:
Ni ina da ja a kan kalmar so da ake ta maimaitawa. Ba dole yaro ya so jemage ba. Matata ko hotonsa ba ta iya kallo, kuma ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba. In aka cika yabonsa, gobe wani yaro zai ɗauko shi ya kawo gida ya ce zai yi kiwo, mu koma gidan jiya ta wata ƙofar. A bar shi inda yake, iyakar abin da ake nema ke nan.

Ummu_Khalil:
Ni kuma ina ganin in babu tausayi hanin ba ya zama. Yaron da aka ce wa kar ka taɓa don cuta kawai, zai harba daga nesa ya ce ai ban taɓa ba. Ɗan jemagen nan da ya kwana a kwali, shi za a tuna masu. Sau ɗaya ko biyu uwar ke haihuwa a shekara, ɗa guda, ba kamar ɓera ba.

Zee_Kofar_Kaura:
A kai su lambun Alhaji da magariba su gani da ido mana.

Baban_Ilham:
Da magariba? Bayan gari? A wannan zamanin? Ba da 'yata ba. Su tsaya a tsakar gida bayan sallah su ɗaga kai, ko su dubi fitilar titi inda ƙwari ke taruwa, za su ga ƙananan suna shawagi. Kowa ya ƙirga nawa ya gani ya kawo wa Malama.

Malama_Rafindadi:
Na dawo da rahoto 'yan zaure. Mahaifiyar yaron ta duba, lafiya lau. Yau na shiga da daddawa da ɗan kuka kamar yadda Baba Forester ya ce, na fara da tatsuniyar Hajiya Kaka. Gardamar haraji ta cinye rabin lokacin, aji ya rabu biyu, har wata yarinya ta ce ai jirgin sama ma yana tashi kuma ba tsuntsu ba ne. Zanen hannu ya yi kyau, wasan ɗaure ido kuwa sai da malamin ajin kusa ya leƙo ya ce mu rage hayaniya. Wanda ya yi harbin bai ce uffan ba har aka tashi. Da za a fita ya tsaya ya tambaye ni ko uban ɗan jemagen yana nan a durumin. Na ce mai yiwuwa. Danƙon dai yana aljihunsa, na gani, ban karɓa ba. Wani kuma ya ce shi babansa ya ce duk ƙarya ce, tsuntsun mayu ne, kuma gobe zai zo ya same ni.

Abu_Hanifa_KT:
In ya zo ki karɓe shi da mutunci Malama, ki ba shi kujera. In kina so in rubuto maki ayar da hadisan a takarda.

Alhaji_MaiLambu:
Ki turo mani shi lambu, ni zan gaya mashi ba maye ba ne, ɓarawo ne kawai. Yau 23 na tsinta.

Auwal_Sabon_Shiga:
Salam, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Wai da gaske ne jemage ta baki yake kashi?

Sani_Marusa:
Hau sama ka karanta ɗan'uwa, ni ma da ita na shigo.